Alamun lalacewar jijiyoyi a jinin dattawan da korona ta kwantar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi tsokaci kan wani ɓangare na cutar korona da ba a cika tattaunawa ba, wato illarta ga ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke kai saƙo tsakaninta da sauran jiki.

A shekarar 2020, likitoci a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin sun auna jinin masu cutar, suka gano cewa sinadarai biyu, NfL da GFAP, sun yi yawa a jinin waɗanda ciwon ya tsananta musu. Na farko yana cikin zaren jijiyoyi ne, kuma yana kwarara cikin jini idan zaren ya lalace. Na biyun kuwa yana fitowa daga ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Dattawa maza su ne cutar ta fi kaiwa ɗakin kulawa ta musamman. Sai dai fassara sakamakonsu na buƙatar natsuwa, domin NfL yana ƙaruwa da shekaru da kuma raunin ƙoda, ko da babu korona. Da aka sake auna marasa lafiyan bayan wata shida, sinadaran sun sauka, amma wasu sun ci gaba da kukan mantuwa da kasala.

Wannan ne ya fi damuna, mu da muka ga yadda aka yi ta rasa dattawa a Kano a Afrilun 2020. Idan dattijon da ya warke ya fara ruɗewa ko mantuwa, kada iyalansa su ce tsufa ne kawai, su kai shi wurin likitan jijiyoyi a duba shi.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano