Uwata, kafin ki kafa fandisho

Unguwar Rogo, Jos.

Assalamu alaikum, Uwata.

Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa, mahaifiyarki har ta fito da barguna.

Jiya bayan isha'i take shaida min cewa kamfaninku ya damƙa miki ginin nan na Lugbe a Abuja, bene hawa uku, ke za ki riƙe shi tun daga fandisho har miƙa makulli. Na yi hamdala. Kin san kunnena ba ya son doguwar magana a waya, shi ya sa na ɗauki biro. Lissafin rodi da na kankare kin fi ni saninsa, kin karanta a jami'a. Ni shekara 30 da 'yan kai na yi ina foman a rana, kuma akwai wani abu da ban taɓa ba ki labarinsa ba.

Shekarar da aka haife ki muna wani ginin bene a hanyar Bukuru. Mai aikin ya kafe sai ya tare kafin babbar Sallah. Tun saura wata biyu na san ba za ta yiwu ba, domin rodi ya makara mana sati uku. Amma duk ranar da ya zo ya tambaya, sai in ce masa, "In sha Allahu, Alhaji." Nauyinsa nake ji, kuma ba na son a ce na gaza. Da lokaci ya ƙure muka zuba dekin, a kwana na 9 na sa kafinta ya cire katakon da ke tokare da shi, don a hau bulon sama. Wani tsohon birkila ya dafa ni ya ce, "Foman, kankaren nan ɗanye ne fa." Na san gaskiya ya faɗa, kowa a sana'ar ya san sai kwana 28 kankare ke cika ƙarfinsa. Na yi kunnen uwar shegu da shi.

Bayan kwana uku na hau da sassafe, sai na ga ruwan da yara suka yayyafa jiya ya taru wuri guda a tsakiya kamar a faranti. Na sauko na ɗaga kai, ga tsaga siririya kamar zare ta taso daga ginshiƙi. Da guduma muka farfasa dekin nan gaba ɗaya. Da Alhaji ya zo, bai yi maganar simintinsa ba. Cewa ya yi, "Da ka gaya min tun wata biyu, ai da na ɗaga tarewar." Bai ƙara ba ni aiki ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa.

To, Uwata, ranar da kika gane cewa lokaci ko kuɗi ba za su kai ba, a ranar za ki faɗa wa mai aiki da shugabanki. Ki je musu da dalili a rubuce, da abin da kike ganin za a yi: ko a ƙara sati biyu, ko a ƙara ma'aikata, ga abin da kowanne zai ci. Za su ɓata rai, su huce. In kika bari suka gano da kansu, daga ranar ko gaskiya kika faɗa sai sun aika a duba.

Kuma ba za ki gane da wuri ba in daga ofis kike riƙe aiki. Hoton WhatsApp gefen da ya yi kyau kawai yake nunawa. Ki riga leburori isa wurin, ko da sau uku a sati. Kafin a zuba kankare ki hau da kanki ki ƙirga rodi, ki duba ko mai milimita 16 da zane ya ce shi aka ɗaura, ba mai 12 ba. Ki shiga sito ki taɓa buhunan siminti, ko an jingina su da bango mai danshi sun daskare. Tifar tsakuwa in ta taso daga Mpape, ki leƙa cikinta kafin a juye. Kin dai tuna makarantar da ta rufta a Busa Buji a watan Yulin 2024, mutum 22 suka rasu, yawancinsu yara masu ɗaukar darasi. Mun ji ƙarar motocin asibiti har gida. Duk wanda ya ce ki rage rodi ko siminti don a samu rara, ko wane ne shi, ki ce a'a, ki kuma rubuta cewa kin ce a'a.

Maganar rubutu kuwa, ki sayi littafi mai kauri ki ajiye a wurin aiki. Masu gini suna da wata al'ada: mutum ya zo ran Asabar da matarsa, ya ce a ƙara taga nan, a matsar da banɗaki can. A baki abin kamar wasa, ranar biya kuma ya manta shi ya ce. Ki rubuta canjin, da kuɗinsa, da kwanakin da zai ƙara, ya sa hannu kafin a taɓa bulo ɗaya.

Kuɗin kafin alƙalami in ya shigo, kada ki bar shi kwance. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya. A farkon 2024 buhun siminti har ya haura naira 10,000. Ki aika kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a sayo rodi da abin da ba ya lalacewa tun yanzu. Sannan ki riƙa kallon sama: damina a Abuja tana faɗuwa wajen Afrilu, ki tsara yadda ramin fandisho da dekin farko za su wuce kafin nan.

Za ki tarar da magina da suka haife ki, wasu ba su taɓa karɓar umarni daga mace ba. Kada ki ɗaga murya, kada kuma ki yi ta ba da haƙuri a kan abin da yake daidai. Ki gaishe su da sunansu. In dattijo ya yi kuskure ki ja shi gefe, ban da gaban yaransa. In ya ce miki abu kaza ba zai yi ba, ki tsaya ki ji dalilinsa, da na saurari nawa tsohon da ban fasa dekin ba. Ladan lebura kuwa kada ya kwana. Mutumin da ya taso daga Mararaba ko Masaka tun asuba, ya sha cunkoson Nyanya, in ya koma gida hannu rabbana, gobe ko ya zo rabin ƙarfinsa zai ba ki.

Mahaifiyarki ta ce in gaya miki ki riƙa cin abinci kafin ki fita, kuma hular kwanon nan ta zauna a kan mayafi, ba a kujerar mota ba. Ta haɗa miki buhun dankali da kabeji, direban da kika sani zai kawo ran Juma'a. Ranar da za ku zuba dekin farko ki kira ni da safe, ina so in ji wa kika sa ya riƙa ba shi ruwa sati guda.

Allah ya yi miki albarka, ya raba ki da abin kunya.

Mahaifinki.