Rahoton Ayyukan Shekara: Tafiyar Gida da Taron Zumunci

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu.

Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana cikin takardar ma'aji, za a raba ta a zauren taro, don haka ba zan maimaita shi a nan ba. Tarukan wata-wata sun gudana, ko da yake a tsakiyar shekara kujeru sun fi mutane yawa. An duba marasa lafiya, an kuma tsaya wa iyalan da aka yi wa rasuwa, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sauran ƙarfinmu duk ya tafi ne a kan tafiyar gida, kuma a kanta zan tsaya.

Takardu ne suka fara ba mu wahala. Ƙasashe da yawa ba sa barin baƙo ya shiga sai fasfonsa yana da sauran wata 6 kafin ya ƙare, kuma yaranmu da ke riƙe da fasfon ƙasar da aka haife su baƙi ne a idon jami'in kan iyaka, ko da kakansu na tsaye a waje yana jiran su. Wani gida sai da suka biyo mu daga baya saboda wannan. Katin rigakafin zazzaɓin shawara ma ya jawo gardama a zaurenmu na WhatsApp, wasu na cewa sai an sake allurar duk bayan shekara 10. Wannan tsohuwar doka ce. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da katin na tsawon rai, sai dai ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya bari sai ana jibi tafiya, katinsa takarda ce kawai.

Sai maganar zazzaɓin cizon sauro. Likitocin da ke cikinmu sun yi ta nanata cewa wanda ya daɗe ba ya gida, ɗan kariyar da jikinsa ya saba da ita tana raguwa, yaran da aka haifa a inda babu cutar kuwa ba su da ita ko kaɗan. Duk da haka akwai wanda ya ce, "Ai ni ɗan gida ne, sauro ya san ni." Sauron dai bai nuna ya san shi ba. Alhamdu lillahi ya warware, amma ranar taron a kwance ya yi ta.

Taron zumuncin kansa shi ne abin da kwamiti ya fi farin ciki da shi. Bana mun rage jawabai, muka manna doguwar farar takarda a bango, aka ce kowa ya rubuta sunansa a ƙarƙashin na mahaifansa. Da farko matasa ne suka yi cincirindo a gabanta. Can sai wata goggonmu, wadda idonta ba ya ganin rubutu, ta ce a jawo mata kujera a karanto mata. Tana ji tana gyarawa: "A'a, ɗan nan, wannan ba ƙanwarsa ba ce, yayarsa ce, ita ta goya shi." Kafin a tashi ta haɗa gidaje biyu da suka yi shekaru suna gaisawa a matsayin 'yan gari ɗaya kawai, ashe kakanninsu mata uwa ɗaya uba ɗaya suke. Babu wani a cikin kwamiti da ya san wannan, kuma babu littafin da za a same shi a ciki.

Mun naɗi muryoyin dattawa da waya, bayan neman izininsu. Wasu sun ce a kashe wayar kafin su faɗi wasu abubuwa, aka kashe. Abin da aka naɗa an ajiye shi wuri biyu, a kwamfutar ƙungiya da kuma a intanet, domin zauren hira ba ma'ajiya ba ne, waya ɗaya ta ɓace shi ke nan. Muna roƙon duk wanda yake da hoto ko murya a wayarsa ya miƙo wa sakatariya.

Yawon buɗe ido ya zo mana iri biyu. Akwai ranar da muka ɗauki mota zuwa wuraren tarihi da kowane baƙo ke zuwa, da ɗan jagora na haya. Ya san aikinsa, ba mu da ƙorafi a kansa, amma yara suna bin sa ne kawunansu a kan waya, manya kuma suna ta duba agogo. Washegari aka fita a ƙafa, wani kawunmu a gaba, aka zaga unguwar da ya tashi. Ya nuna ajin da ya fara karatu, da inda suke tsallake rafi idan ruwa ya ja baya. Da muka iso gaban wani sabon gini sai ya tsaya, ya ɗora tafin hannunsa a bango, ya ce nan ƙofar gidansu take. Jikarsa ta ce, "Kaka, to ina gidan?" Bai ba ta amsa ba, sai ya fara taku yana ƙirgawa, ya nuna mata iyakar ɗakin mahaifiyarsa, da inda bishiya take, da inda ake ɗaure masa igiyar lilo. Yaran da jiya suka ƙosa a koma masauki, ranar sai da aka yi ta kiran su. A ganina kuɗin motar ba asara ba ne, amma fitar da ba mu kashe ko sisi a kanta ba ita ce yara ke ta labari har yau.

Akwai ƙorafi daga 'yan uwa na gida, kuma ya kamata ku ji shi yadda aka faɗe shi. Wata innarmu ta ce, "Kun zo, amma ban gan ku ba." Gaskiyarta. Ita da sauran matan gidan a madafa suka wuni saboda mu, mu kuma jadawali ya cika, daga wannan gida sai wancan, ko'ina a tsaitsaye. An kuma yi maganar masu ɗaukar hoton mutane da gidajensu ba tare da tambaya ba, su sa a Facebook. Gidan ɗan uwanka ba wurin yawon buɗe ido ba ne, a nemi izini.

Saboda haka kwamiti zai gabatar da shawarwari a taron shekara domin ku amince ko ku gyara. Muna so a ware kwana guda cur da babu mota babu jadawali, kowa ya zauna a gidansu. Muna so ƙungiya ta ɗauki masu girki ranar taro daga asusunta, domin iyayenmu mata su zauna a cikinmu. Kuma kowace fita a sa dattijo ɗaya ko dattijuwa a gaba, ko da akwai ɗan jagora.

Kowane gida ya turo wa sakatariya sunan wanda ya fi tsufa a cikinsu kafin taron wata mai zuwa, domin da su za a fara naɗar murya a tafiya ta gaba. Masu niyyar zuwa kuma su duba ranar ƙarewar fasfonsu da na yaransu tun yanzu.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa