Takalmin hawan Kufena: abin da mace za ta duba kafin ta biya kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu yi magana da 'yan'uwa mata a kan abin da aka raina, wato takalmin da ake hawan dutse da shi. Da zarar damina ta ɗauke, za ka ga ɗalibai mata daga Samaru da Kongo, har da matan aure da 'ya'yansu, sun nufi Kufena ta wajen Wusasa, wasu Dutsen Hanwa, wasu kuma su taka gefen dam ɗin Kubanni da sassafe. Abin sha'awa. Amma dubi ƙafafunsu: wannan silifas, waccan kambas ɗin kwalliya mai sumul ɗin ƙasa, wata kuma ta sayo ƙaton but na fata irin wanda Turawa ke ratsa ƙanƙara da shi, tana jan ƙafa kamar an ɗaura mata turmi. Tafiyar yini guda a kan dutsen ƙasar Zazzau takalmi marar nauyi take so, mai kama dutse, wanda ya bar wa yatsu wuri.

Batun nauyi ba ya buƙatar dogon bayani. Takalmin mata marar nauyi ƙafa ɗaya takan kai giram 250 zuwa 350, but na fata kuwa yakan haura 600. Mace takan yi taku kusan 1,300 zuwa 1,400 a kilomita ɗaya, ka ga tafiyar kilomita 8 ta wuce taku dubu goma, kuma kowane taku sai ta ɗaga wannan ƙarin. In kina shakka, ki roƙi mai shago ya ɗora miki a ƙaramin sikeli. Abin da ya wuce giram 400 a ƙafa ɗaya, ga mai ɗauke da jakar ruwa da abinci kawai, wahala ce ba riba.

Sai ki juya takalmin ki dubi ƙasansa, don nan ne rai yake. Kufena falalen dutse ne mai tauri, da rani yana da kaushi yana kama ƙafa, amma akwai wurare biyu da yake yaudara. Na farko inda dutsen ya marmashe ya bar 'yar tsakuwa a kan gangara, kamar an watsa gero a kan siminti. Na biyu inda ruwa ya saba bi ya bar baƙin zane da gansakuka, wanda ko raɓa ta taɓa shi ya zama sabulu. Abin da ke riƙe mutum a irin waɗannan wurare roba ce mai ɗan taushi. Ki danna farcenki a kan haƙoran ƙasan takalmin. In farcen ya ɗan nutse, kuma kika goga takalmin a siminti kika ji yana cijewa, to ya yi. In kuwa ya yi tauri yana ƙyalli kamar robar bokiti, ajiye shi ko da kyauta ne. Zurfin haƙoran ya zama milimita 3 zuwa 5. Masu tsawo fiye da haka na taɓo ne, a kan falalen dutse sai su riƙa lanƙwashewa, kuma wurin da ke taɓa dutsen ya ragu. A duba kuma haƙoran dunduniya, su ne birki a lokacin saukowa. Robar kamfanin Vibram na Italiya, mai tambari ruwan ɗorawa mai kusurwa takwas, ta yi suna wajen kama dutse, sai dai jabu ta cika kasuwa, don haka ki fi yarda da farcenki a kan tambarin.

Ki kuma kama takalmin da hannu biyu ki lanƙwasa. Ya kamata ya lanƙwashe a daidai gindin yatsu, inda ƙafa ke lanƙwasawa. Wanda ya naɗe a tsakiya ko ya murɗe kamar tsumma zai bar tafin ƙafarki ya ji kowace tsakuwa, kafin azahar ƙafa ta ɗau zafi. Irin wannan mai laushin ƙasa ne kuma ƙayar tsidau ke hudawa. A gaba a samu murfin roba da ya rufe yatsu saboda tuntuɓe. Takalman nan na yayi masu kaurin soso, irin na kamfanin Hoka da masu kwaikwayonsa, suna da daɗi a kan kwalta da hanyar burji, amma suna ɗaga ƙafa sama da ƙasa, kuma wadda ba ta saba ba ta fi saurin gurɗewa da su a tsakanin duwatsu.

Yanzu ga inda aka fi yin asara, wato awo. Mafi yawan mata suna sayen takalmin tafiya da lambar takalmin biki, alhali ƙafa tana kumbura in an daɗe ana tafiya cikin zafi, ga kaurin safa, ga kuma saukowa da ke tura ƙafa gaba. Wadda ta sayi daidai-wa-daida, a hawa ba za ta ji komai ba. A gangara ne babban yatsa zai yi ta dukan bakin takalmi, jini ya taru a ƙarƙashin farce, ya yi baƙi, bayan 'yan makonni ya fita. Maganin abin tun daga gida ne. Da yamma, lokacin da ƙafa ta gama buɗewa, ki shimfiɗa takarda a jikin bango, ki tsaya a kai dunduniya na taɓa bangon, wani ya ja layi a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo, wanda ba kullum ne babban yatsa ba. A auna ƙafa biyu, domin da wuya su zo ɗaya, a ɗauki babbar. A ƙara santimita 1 zuwa 1.5, kimanin faɗin babban yatsan hannu. Tsakanin lamba da lamba a awon Turai, irin su 38 da 39, kashi biyu cikin uku ne kawai na santimita, shi ya sa mai sa 38 a takalmin biki sau da yawa 39 ce tata a na tafiya, wani lokaci har 40. Babu abin kunya a nan. Matar da ta haihu ma ta sake awo, don ciki yakan buɗe ƙafa, kuma ba kowa ce ƙafarta ke komawa yadda take ba.

A shago, ki je da safar da za ki yi tafiyar da ita. Ki zaro shimfiɗar cikin takalmin ki taka a kai: in yatsunki sun zubo ta gefe, ya yi miki ƙunci, kuma kada mai shago ya ce miki zai buɗe. Fata tana buɗewa, amma raga da roba ba sa buɗewa. Sannan ki sa, ki ɗaure sosai, ki ɗan doki ƙasa da bakin takalmin, ki sauka matakala biyu ko uku. Yatsu kada su taɓa gaba, dunduniya kuma kada ta ɗaga fiye da rabin santimita.

Akwai wani abu da masu kawo kaya ba su cika faɗa ba. Takalmin mata na kamfanonin waje ana ɗinka shi ne da matsattsiyar dunduniya da siririn gaba, faɗin da suke rubutawa B, na maza kuma D. Matan nan namu da suka tashi cikin silifas da fade yatsunsu a baje suke, B yakan matse su. Irin wannan ƙafa ta nemi wanda aka rubuta faɗinsa D, ko kamfanonin da aka sani da faɗin gaba kamar Keen da Altra, ko ta gwada ƙaramin na maza. A awon Amurka akwai tazarar lamba ɗaya da rabi, 8.5 na mata shi ne 7 na maza. Illar na maza ita ce dunduniyarsa ta fi faɗi, sai a lura ko tana zamewa. Altra kuma dunduniyarsa da gabansa tsayi ɗaya ne, wadda ta saba da takalmi mai tudu za ta ji agara da sharaɓa suna ja a makonnin farko.

Mai kare ruwa fa? A ganinmu, a Zariya, kuɗin banza ne a yawancin shekara. Takalmin da aka rubuta Gore-Tex ko GTX yana da wata 'yar fata a ciki da ke hana ruwa shiga, ta fi dacewa da ƙasashen sanyi. A zafin Maris da Afrilu ƙafa dahuwa take yi a ciki, gumi ya jiƙa fata, fata ta yi laushi, bororo ya tashi. A Agusta kuma, in ruwa ya zuba ta sama, ba shi da hanyar fita, sai a kwana biyu bai bushe ba. Mai raga yana jiƙewa nan take, amma yana bushewa cikin 'yan sa'o'i. Sai dai a zaɓi raga mai ƙananan idanu, don mai manyan ramuka ƙurar hunturu da yashi take sha, ƙarangiya kuma ta manne mata.

Ko ya rufe idon sawu ko kada ya rufe, wannan ya danganta da mai ƙafa. Wadda ta taɓa targaɗe, ko mai jiki, za ta fi samun natsuwa da mai ɗan wuya. Saura gajere ya ishe su. Amma kada kowa ta ɗauka takalmin raga zai tare haƙorin kububuwa ko kasa. A watan Satumba da Oktoba, lokacin da ciyawa ta kai gwiwa, a bi hanyar da aka taka, a sa dogon wando mai kauri a ƙarƙashin riga. Mai sa abaya ko dogon hijabi ta guji takalmi mai ƙugiyoyin ƙarfe a wuya, suna kama bakin tufa, kuma a kan gangara wannan faɗuwa ce.

Mu zo kan gwanjo, tunda gaskiya yawancinmu can za mu, ko a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada ko ta Samaru. Ana samun na kirki, irin na kamfanonin Merrell da Salomon, da kuɗin da bai kai na sabon jabu ba. Haɗarin shi ne wanda ya fi kyau a ido wani lokaci shi ya fi mutuwa. Sashen tsakiya, tsakanin robar ƙasa da ƙafa, iri biyu ne. Akwai soson da ake kira EVA, marar nauyi, wanda in ya tsufa yake lotsewa ya yi tamoji a gefe. Wannan tsufansa a fili yake. Akwai kuma wanda ake kira PU, wanda ya fi ƙarko in ana sawa, amma in ya yi shekaru a ajiye danshin iska yana cin sa daga ciki. Takalmi zai fito daga dila tsaf kamar ba a taɓa sawa ba, a yi kilomita biyu da shi ƙasan ya ɓare, tsakiyar ta zube kamar garin kwaki. Shumeka ba shi da abin da zai yi, don babu inda gam zai kama. Saboda haka ki ɗaga harshen takalmin, kamfanoni da yawa suna buga watan da shekarar da aka yi shi a ƙyallen da ke ciki. Wanda ya haura shekara biyar, a yi masa binciken ƙwaƙwaf: a danna gefen da ƙarfi da yatsa, in ya tsage, ko ya yi danƙo, ko gari ya fito, a bar shi. A ja bakin robar gaba da ta dunduniya a ga ko gam ya saki. A ajiye shi a kan tebur a duba ta baya, in ya karkace gefe guda, ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko, zai karkatar da taki. A sa hannu cikin dunduniya, in ƙyallen ya huje, wurin zai ci miki fata. Irin waɗannan takalma marasa nauyi sukan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma ba ki san nawa aka riga aka ci ba, sai haƙoran ƙasa su gaya miki.

Takalmi mai kyau da safar auduga aikin banza ne. Auduga tana shan gumi ta riƙe. A nemi ta ulu marar kauri ko irin ta 'yan ƙwallo, wadda ta wuce bakin takalmin, a kuma riƙe ta biyu a jaka. Wannan ta biyun tana da amfani wajen sallah: bayan alwala a goge ƙafa sosai har tsakanin yatsu, a bari ta sha iska minti biyar, sannan a sa busasshiya. Jiƙaƙƙiyar ƙafa a cikin takalmi ita ce uwar bororo. Kafin a mayar da takalmin da aka ajiye a gindin dutse, a kife shi a kakkaɓe saboda kunama.

A yanke farce kwana biyu kafin tafiya, a miƙe, ba a zagaye ba. Mai faso ta fara shafa man kaɗanya da dare tun mako guda kafin ranar, amma ban da safiyar tafiya, don ƙafa za ta riƙa zamewa a cikin safa. Sabon takalmi kuma a fara yawo da shi a unguwa, kilomita biyu ko uku, sau uku ko huɗu. In an ji wani wuri ya fara zafi a hanya, a tsaya nan take a manna filasta tun fata ba ta tashi ba.

Ramukan igiyar nan biyu na can saman takalmi da mutane ke bari ba igiya, ba ado ba ne. Ki zura kowace igiya a ramin ɓangarenta ta yi ɗan kunne, ki ratsa ta ɗaya ɓangaren ta cikin kunnen, ki ja ƙasa, sannan ki ɗaure. Yana kulle dunduniya. A hawa a ɗan sassauta, in an kai sama an huta, a sake ɗaurewa tamau kafin a fara sauka.

In an dawo gida, a zare shimfiɗar ciki, a wanke da buroshi da ruwan sanyi, a cusa tsohuwar jarida, ka yi haƙuri Malam Edita, a shanya a inuwa. Ranar bazara da bakin murhu da but ɗin mota duk suna sakin gam.

Wassalam.

Wasu ma'abota hawan dutse,
Samaru, Zariya.