A fara gwada hannun jari a jadawali kafin a zuba kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan yadda matasanmu ke rububin sayen hannun jari ta waya tun da manhajoji suka sauƙaƙa abin. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya, kuma akwai abin da nake yi da 'yan ajin ƙarshe da nake so iyaye da 'yan uwana malamai su ji.

Kowane ɗalibi ina ba shi naira miliyan ɗaya, amma a baki kawai, ko kwabo ba ya fita daga aljihun kowa. Sai ya zaɓi kamfanoni huɗu ko biyar daga kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, da ke Legas, irin su Dangote Cement, BUA Foods, MTN Nigeria ko Jaiz Bank. Mu buɗe jadawali a manhajar Google Sheets a waya, mai kwamfuta a gida ya yi da Excel. A jera sunan kamfani, ranar saye, yawan hannun jari, farashin saye da farashin yau. Duk Juma'a bayan an tashi kasuwa, sai su ɗauko farashin da NGX ta saka a shafinta su shigar da hannu. Inda aka ci riba gurbin ya koma kore, inda aka faɗi ya yi ja.

Gurbin da yara suka fi ƙi shi ne na ɗawainiya, kuma shi na fi matsa musu a kai. Dillali yana da kamashonsa, hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar, da kamfanin CSCS mai ajiye rajistar hannun jari, da ita kanta kasuwar kowa da nasa, ga haraji. Don sauƙi mukan ƙiyasta kashi 2 cikin ɗari wajen saye, 2 wajen sayarwa. Wani yaro ya saya a naira 100, ya ga 103, ya zo ofishin malamai da wayarsa mai fasasshen gilashi yana washe baki. Na ce ya cika gurbin a gabana. Koren nan ya rikiɗe ya zama ja, ya tsaya yana kallon wayar, can ya ce, "Malam, ashe wahalar banza na yi wa dillali." Haka ribar da kamfani ke rabawa: ana cire harajin kashi 10 kafin ta shigo asusu, don haka mu ma muna cirewa.

Sai tsadar rayuwa. A 2024 ma'aunin kasuwar gaba ɗaya, wato makin da ke nuna hawa da saukar farashin hannun jari a dunƙule, ya tashi da sama da kashi 37 cikin ɗari, abin sha'awa a ido. Amma a Disambar 2024 ɗin hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Wanda jadawalinsa ya nuna ribar kashi 20 a lokacin, buhunan shinkafar da kuɗinsa za su saya raguwa suka yi. Ina kuma sa su karanta labarin 2008, lokacin da ma'aunin ya haura maki 66,000 a watan Maris, kafin shekara ta zagayo ya zube ya koma ƙasa da rabin haka. Iyayen wasunsu sun san wannan a jikinsu.

Gaskiya gwajin yana da iyaka. A jadawali duk sa'ad da ka so sayarwa akwai mai saye, a kasuwa kuwa hannun jarin ƙaramin kamfani kan yi kwanaki ba mai taya shi. Kuma kuɗin baki ba ya hana barci.

Masu tambayar halasci, kuma suna da yawa, nakan nuna musu ma'aunin NGX Lotus Islamic, wanda ke tattara kamfanonin da aka tantace bisa ƙa'idojin Shari'a, sauran bayani kuma su nemi malamansu.

Roƙona gare ku, Edita, ku ware ɗan gurbi kowane mako ku riƙa buga farashin manyan kamfanoni goma ko sha biyar da Hausa. Da yawa cikin ɗalibaina kuɗin data ke gagararsu, amma jarida ɗaya tana zagaye aji.

Wassalam,
Wani malamin lissafi,
Tudun Wada, Zariya.