Sun ga hannun, mu muka ɓoye musu sauran

Malam Edita, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan sammin fili a shafin wasiƙu, maganar tana da tsayi amma ka daure kar ka datse min ita da yawa, don na san akwai gidaje a Kanon nan da suke cikin irin halin da muke ciki sun ja bakinsu sun yi gum.

Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, ba zan kama suna ba tunda maganar ba ta mutu ba. Shekararsa shida a kan injin da yake niƙe tsofaffin robobi. Ran nan yana aikin dare aka ɗauke wuta, dama roba ta cushe a bakin injin, sai ya ce bari ya zura hannu ya zaro kafin a kawo, ashe can baya an riga an tada janareta, injin ya tashi da hannunsa a ciki. Yatsu uku na hannun dama suka tafi, babba da ɗan ƙaramin ne kawai suka rage. Aka kai shi asibitin ƙashi na Dala, kuma tsakani da Allah likitocin sun yi ƙoƙari, ciwo ya rufe tas. Kamfani ya biya kuɗin asibiti, manaja ya zo dubiya da lemo da ɗan abu a ambulan ya ce in ya warke ya dawo, gurbinsa na nan. Muka yi ta godiya kamar an mana kyauta.

Toh, hannu ya warke amma mutumin bai dawo ba. Matarsa ce ta fara gaya wa Hajiyarmu, wai da zarar maƙwabci ya ja janareta da daddare sai ya zabura ya zauna, zufa sharkaf, ya damƙe hannun a hammata har asuba. Akwai mai injin markaɗe a bakin layinmu, ƙanina ya daina bi ta nan, sai ya zagaye ta bayan makarantar allo ya je masallaci, tafiyar da ta ninka biyu. Yaron da in yana majalisa ba ka jin muryar kowa sai tasa, ya koma sai a yi masa magana sau uku kafin ya ɗago. 'Yarsa ƙarama in ta zo ta hau cinyarsa sai ya sauke ta a hankali ya tashi ya shige ɗaki. Da ya koma aiki bayan wata huɗu ko sati bai cika ba, ana kunna injin ya fita da gudu ya bar takalminsa a ciki, bai sake komawa ba. Su kuma suka rubuta a fayil ɗinsa wai ya warke, ya dawo, ya gudu daga aiki don kansa.

A gida me muka ce? Hajiya ta ce sammu ne, wata gwaggonmu ta ce ai dama injinan nan da dare ba su kaɗai suke ba. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, habbatus sauda kuwa har warinsa ya kama labule. Ni ba na raina addu'a, har gobe muna yi. Amma ranar da wani abokina a Kwari ya ce min Malam ku gwada kai shi Dawanau mana, wallahi saura kaɗan mu ɓata, na ce ƙanin nawa ne mahaukaci? Ga bikin ƙanwarmu ya matso a lokacin, kowa na tsoron kar dangin miji su ji a ce gidan su wance akwai taɓin hankali. Kai ma ka san yadda sunan Dawanau yake a bakin mutanen garin nan, ya zama abin zagi da tsokana, alhali asibiti ne kamar kowane.

Sai da wata goma ta wuce, abinci ya fara gagara, sannan wani tsohon abokin aikinsa ya ce ai akwai diyyar da ake nema a hukumance. Ni na karɓo fom ɗin, ni na cike tunda shi ba ya iya riƙe biro. Muna zaune a soro ina rubutu ya ce min, Yaya ka sa musu ba na bacci. Na ce masa kai wannan ba maganar takarda ba ce, hannu suke tambaya. Bai ƙara cewa komai ba. Wannan kalmar tawa har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Amsa ta zo daga hukumar diyyar a takarda shafi ɗaya da turanci. Taƙaicenta, bayanan da ke gabansu sun nuna ya warke ya koma bakin aiki kuma shi ya bari da kansa, babu wata shedar likita da ta nuna akwai abinda ya hana shi aiki, don haka ba a amince ba. Hajiya ta ce shikenan a bar wa Allah, haka aka rubuto. Takardar ta yi kusan wata uku a cikin littafin bashi na shago ban ko sake kallonta ba.

Allah ya sa akwai wani lauya da yake sayen shadda a wajena, ran nan muna hira na zaro na nuna masa don kawai ya ga irin abin. Bai karanta jikin takardar ba tukuna, kwanan watan da ke sama ya fara dubawa, ya ƙirga da yatsu ya ce, Malam kana zaune a kan lokaci yana ƙonewa. Shi ya warware min abinda nake so masu karatu su ji. Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta sa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wani asusu, daga aljihun kamfani ba daga albashin ma'aikaci ba. Kuma ba sai mai takardar aiki ta dindindin ba, har ɗan wucin gadi da ɗan koyo dokar ta ƙirga su. In hatsari ya faru ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya kai rahoto cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara ɗaya. In naƙasar ta hana mutum aiki gaba ɗaya har abada, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake biyansa duk wata. In kuma aka ce maka a'a, kana da kwana 180 daga ranar hukuncin ka rubuta a sake dubawa, in ka bari suka wuce ka rasa damar. Su ma kwana 180 gare su su ba ka amsa, in ba ka gamsu ba sai kotun ma'aikata ta ƙasa, kuma tana da reshe a nan Kano, ba sai ka tafi Abuja ba.

Amma inda ya kashe min jiki shi ne da ya buɗe wayarsa ya nuna min sashe na 8. Ashe dokar da kanta ta ambaci ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa, ta ce ana biyan diyya in abin ya biyo bayan wani mummunan lamari da ya faɗo wa mutum ba zato a wajen aiki, ko in likitan da aka amince da shi ya tabbatar daga aikin ne. Wato abinda ƙanina ya ce in rubuta a soro na hana, shi ne ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. Barista ya ce min, su a ofis ba su san ƙaninka ba, ba su taɓa ganin ya zabura da dare ba, takarda suka sani, kuma takardar da kuka ba su ta ce hannu, ta kamfani ta ce hannu ya warke, to me kake so su yi? Na so in yi musu ban samu ta cewa ba. Kamfanin dai ban yafe musu kalmar ya gudu ba, don wanda ya ga mutum ya fita ba takalmi yana karkarwa ya san ba gudun aiki ba ne.

Da ƙyar na shawo kan Hajiya, sai da na ce mata asibitin Malam Aminu Kano za mu, ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa, ba wanda zai san wace ƙofa muka shiga. Likitar mace ce, ta ce in jira a waje, ta zauna da shi kusan awa guda. Da ya fito idonsa ja wur, amma a cikin adaidaita ya yi min maganar da ta fi ta wata shida tsawo, har da cewa kullum in ya rufe ido ƙarar injin yake ji, kuma yana sauke 'yarsa ne don kar ta ga hannun ta tsorata. Likita ta ce ciwo ne sananne, firgicin da yake bin mutum bayan mummunan hatsari, ga ciwon damuwa ya hau kai, ana magani kuma ana samun sauƙi. Barista ya ja mana kunne kar mu karɓo rahoton da zai ce ba shi da lafiya kawai, a roƙi likita ta fayyace yaushe abin ya fara, me ya haɗa shi da hatsarin, kuma wane irin aiki ne ba zai iya ba yanzu. Muka koma Dala aka sake auna hannun aka rubuta iya abinda yatsu biyu za su iya riƙewa.

Sheda ce ta ba mu wuya. Waɗanda suke wajen ranar duk sun noƙe, ban ga laifinsu ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Mutum ɗaya da ya riga ya bar kamfanin ya koma sayar da kayan gwari a 'Yankaba shi ya yarda ya rubuta abinda ya gani ya sa hannu. Muka haɗa da katin asibiti, hoton ƙashi, rasit rasit ɗin magani, har saƙon waya da manaja ya turo na ya jiki. Komai muka yi masa fotokwafi, muka kai, na tsaya sai da aka buga min hatimi da kwanan wata a kan kwafin da zan riƙe. Saura kwana ashirin da 'yan kai wa'adin ya cika.

Wanda ba shi da lauya mai sayen shadda, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta gwamnatin tarayya, tana da ofis a Kano. Sannan mai asusun fansho ya sani, dokar fansho ta 2014 ta yarda mutum ya taɓa kuɗinsa kafin ya kai shekara 50 in likita ya tabbatar jikinsa ko ƙwaƙwalwarsa ba za su iya aikin ba. Dokoki kam muna da su Malam Edita. Buhari ya sa hannu a ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, wadda ta ce a ba su kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ya kuma sa hannu a ta lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 tun ta zamanin Turawa. Amma je ka ƙofar kowane kamfani a Bompai ko Challawa lokacin tashi ka tare mutum goma ka tambaye su kwana 180 ɗin nan, ka ga ko mutum nawa za su ce sun taɓa ji.

Shi ya sa nake roƙonku ku da gidajen rediyonmu, yadda kuke ba siyasa fili kullum, ku ɗan ware ko sau ɗaya a wata ku kawo lauya da likita su karanta wa mutane dokar nan da Hausa, sashe sashe. Fom ɗin ma da za a yi shi da Hausa a sa tambaya ƙarara, kana bacci, kana firgita, da irina ba zai samu damar cewa ba maganar takarda ba ce. Malamanmu kuma masu ruƙiyya, in kun yi naku kun ga abin bai lafa ba ku ce a je asibiti, daga bakinku iyayenmu mata za su fi ji.

Yanzu dai muna jira, wata biyu kenan da kaiwa, ba mu san me za su ce ba. Kwafin mai hatimi yana cikin leda a ƙarƙashin katifar Hajiya, ta ce nan ya fi ko'ina tsaro. Shi kuma yana shan magani, yana ɗan zama min a shago yana ƙirga yadi da hagu. Har yanzu ta bayan makarantar allo yake bi zuwa masallaci, amma shekaranjiya matarsa ta ce an ja janareta bai farka ba sai da aka kira assalatu. Ranar Alhamis za mu koma ganin likita.

Na gode, a huta lafiya.

Mai karatunku,
daga Ɗorayi, Kano.