Matakalar Mota Mai Lantarki: Kira ga 'Yan'uwana 'Yan Rewaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu gyaran wutar mota, waɗanda muke kira 'yan rewaya. Ni ma sana'ata ce ta asali. A Kano na koye ta, na yi shekara 11 a wani gareji kusa da Ƙofar Ruwa, kafin Allah Ya kawo ni Amurka, inda nake zaune a birnin Kolombus na jihar Ohayo ina tuƙin babbar mota. Dalilin ɗaukar alƙalamina wani ɗan baƙin akwati ne da bai fi tafin hannu ba, wanda saura ƙiris ya jawo wa mahaifiyata karaya.

A ƙasar nan akwai wata irin mota da ake gina ɗaki a cikinta, da gado da kicin da banɗaki, iyali su shiga su yi tafiyar kwanaki suna kwana a ciki. Akasarinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su, wato maƙwabtanmu ta yamma. Shekara 3 ke nan da na sayi wata tsohuwa ƙirar 2004 saboda yara. Motar tana da tsawo, daga ƙasa zuwa bakin ƙofarta ya wuce gwiwar babban mutum, shi ya sa aka yi mata matakalar ƙarfe mai hawa biyu da ke naɗe a ƙarƙashin ƙofa. Da ka buɗe ƙofa sai ta miƙo, da ka rufe sai ta koma.

Bara mahaifiyar tawa, Hajiya, ta zo mana ziyara, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Bayan babbar sallah muka ɗauke ta zuwa gaɓar tafkin Erie ta ga ruwa. Da azahar muka tsaya a wani wurin hutawa na gefen hanya domin mu yi sallah. Ta buɗe ƙofa da buta a hannu, ta miƙa ƙafa inda ta taka da safe. Ashe matakalar rabi ta fito ta cije, a karkace. Ƙafarta ta zame, Allah Ya sa maiɗakina tana bayanta ta cafke mata hannu, buta ce kawai ta kai ƙasa. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Da ta zauna ta huce sai ta ce, "Ka duba abin nan kafin yara su taka." Daren ranar ban yi barcin kirki ba, domin na san yadda karayar ƙugu take yi wa tsofaffi.

Da muka dawo na kira wani garejin irin waɗannan motoci. Suka ce babu fili sai bayan mako uku, kuma su ba sa tsayawa bincike, matakalar gaba ɗaya za su cire su sa sabuwa, kuɗin ya kusa dala 900. Ban taɓa gyara irin wannan na'ura ba, amma waya waya ce. Na ɗauko mitar auna wuta da sufana na shimfiɗa kwali na kwanta a ƙarƙashin motar.

Malam Edita, bari in ɗan tsaya a kan yadda abin yake aiki, domin nan ne duk maganar take. Akwai ƙaramin injin lantarki, ɗan'uwan wanda ke ɗaga gilashin ƙofar mota, yana juya giya, giyar tana tura wani hannun ƙarfe da ke miƙa matakalar. A jikin ƙofa akwai ɗan makunni mai aiki da maganaɗisu, shi ke gaya wa na'urar an buɗe ko an rufe. Sai kuma akwatin da na ambata, wanda shi ne ƙwaƙwalwar abin. Yadda akwatin yake gane cewa matakalar ta kai ƙarshe shi ne abin da ya kamata kowane ɗan rewaya ya sani: wutar da injin ke ja yake aunawa. In matakala ta gama fita, injin ya tokare, jan wutarsa ya yi sama, sai akwatin ya yanke. In ta ci karo da dutse ko kafaɗar titi ko ƙafar mutum, haka ma zai yanke. Kuma akwai waya guda da ke zuwa masa daga makullin mota, wadda ke sa ya janye matakalar da zarar an tayar da inji ƙofa tana rufe, ko da direba ya manta.

To ka ga duk abin da zai sa injin ya sha wuya a tsakiyar hanya, akwatin zai ɗauka an kai ƙarshe ne. Tsatsa a gaɓoɓin matakala ta isa. Batir mai rauni ya isa. Wayar da ke ɗaure da jikin mota in ta ci tsatsa ita ma ta isa ta rikita shi. Sau da yawa akwatin lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi, sai a ɗora masa laifi a jefar.

Saboda haka ban fara da shi ba. Na auna batir na samu bolt 12.6, cikakke. Fiyus bai ƙone ba. Kafin in sa hannu a ƙarfen sai da na zare filogin wutar, kuma ina roƙon kowa ya yi haka, domin matakalar nan da gudu take motsi kuma tana iya datse yatsa. Na cire ƙusar da ke haɗa hannun ƙarfen da matakala, na motsa ta da hannu, na ji ta yi tauri. A nan Ohayo gishiri ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan cin ƙarfe yake. Na kankare gaɓoɓin na sa musu mai. Koriyar wayar da ke ɗaure da jikin mota kuwa, wurin da aka ɗaure ta ya zama jajawur. Na goge shi da samfefa har ƙarfen ya yi fari, na sa sabon noti. Na mayar da filogi, matakala ta fita ta koma sumul.

Kwana biyu ta yi ta koma gidan jiya. Wannan karon ma ya fi muni, domin na tayar da mota ƙofa a rufe, matakalar tana nan a miƙe ta ƙi shiga.

Na sake kwanciya. Na raba injin da akwatin, na ba shi wuta kai tsaye daga batir na ɗan lokaci kaɗan: ya juya. Na sauya wayoyin biyu, ya juya ta ɗaya ɓangaren, babu gurnani. Na kai mita kan makunnin ƙofa, ina kusanto da maganaɗisu ina janyewa, yana amsawa daidai. Wayar makullin mota ma tana kawo wuta in an kunna. Sai da na wanke kowa sannan na juya kan akwatin. Da na kwance shi na ga gefensa ya tsage, bakin wayoyin ya yi kore, alamar ruwa ya daɗe yana shiga. A Kano da na buɗe shi na bi da ƙarfen like, amma wannan an cika cikinsa da wani baƙin danƙo mai tauri kamar dutse, ba ka isa wurin kayan ciki ba sai ka farfasa su. Na kwafi lambar da ke jikinsa na yi odar sabo, dala ɗari da 'yan kai.

Akwai wani abu da ya faru wajen sa sabon wanda zai amfani mai karatu. Na haɗa komai, na buɗe ƙofa sai matakala ta shige, na rufe sai ta fito. Abin ya juye. Dalili kuwa makunnan ƙofa iri biyu ne: wani yana haɗa wuta in maganaɗisu ya kusanto shi, wani yana yankewa. Tsohon akwatin da sabon ba iri ɗaya suke saurare ba. Sabon makunnin da ya dace yana nan cikin kwalin da aka aiko, takardar ma ta faɗa. Na canza shi, komai ya daidaita. Na gwada sau 20, na sa guntun katako a gabanta na ga ta tsaya da ta taɓa shi, na tayar da mota na ga ta shige, sannan na bar yara suka taka.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Kano ko Maraɗi da motar kwana ta Amurka? Akwai ruwansa. Manyan jif-jif da ake shigo da su ta Kwatano da Legas, irin su Ford Expedition da Lincoln Navigator, da yawansu suna zuwa da matakalar gefe mai fitowa da kanta in an buɗe ƙofa. Wasu bas-bas da motocin ɗaukar marasa lafiya ma suna da ita. Ƙirar ta bambanta, amma dabarar kusan ɗaya ce. A gida babu gishirin ƙanƙara, sai dai akwai ƙurar hunturu da taɓon damina, ga masu wankin mota da injin feshi da ke tura ruwa har cikin filogi.

Watanni kaɗan bayan aikina, wani yaro da ya koyi aiki a hannuna, wanda yanzu shi ma mai gareji ne, ya turo mini bidiyo ta WhatsApp yana murna. An kawo masa jif matakalarta ta ƙi aiki, ya yanke akwatin ya ajiye gefe, ya ja waya biyu daga batir zuwa injin, ya sa makunni kusa da sitiyari. A danna sama ta fito, a danna ƙasa ta koma. Mai mota ya biya ya tafi yana sa albarka. Na kira shi nan take na ce, "Don Allah ka nemo mutumin nan ya dawo da motar." Ban ga laifinsa sosai ba, domin ni ma a zamanina na yi irin wannan haɗin a gilashin mota da fanka, kayan gyara babu, mai mota yana tsaye a kanka. Amma matakala daban ce. Da ka cire akwatin, babu mai yanke wuta in ta kai ƙarshe, direba ya riƙe makunni daƙiƙa kaɗan fiye da kima injin ya ƙone ko haƙoran giya su kakkarye. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yaron da zai tsaya a gindin mota ƙafarsa tana tsakanin ƙarfe da ƙarfe, injin yana ci gaba da turawa domin babu mai ce masa tsaya. Sai kuma ranar da direba zai manta ya hau titi da ƙarfe a miƙe a gefen mota, cikin cunkoson da mai babur da ɗan Adaidaita Sahu ke wucewa tazarar taƙi ɗaya.

In an bincika an tabbatar akwatin ne ya mutu kuma ba a samu irinsa a kasuwa ba, a naɗe matakalar a ɗaure ta tamau da waya mai ƙarfi, a zare fiyus ɗinta, a gaya wa mai mota gaskiya ya ajiye ɗan benci a ciki saboda tsofaffi har kayan su iso. Masu sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa da Fanteka ta Kaduna kuma, ina roƙonku ku riƙa tambayar lambar da ke jikin tsohon akwati kafin ku miƙa wani, domin biyu za su yi kama a ido amma aikinsu ya saɓa, kamar yadda na gani da makunnin ƙofata.

Yaron nan nawa mai gareji ya samo mai jif ɗin bayan kwana huɗu. Da ya mayar da akwatin ya bi wayoyin da mita, sai ya tarar filogin ne ya cika da laka, akwatin lafiya lau. Hajiya kuwa kafin ta koma gida mun sake fita da ita, ta sauka da butarta a kan matakalar ina riƙe da hannunta.

Na gode da wannan fili, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon ɗan rewaya,
Kolombus, jihar Ohayo, Amurka.