Wasiƙa Daga Devon Kan Hanyoyin Ruwan Masu Haƙar Kuza

Zuwa ga aminina Malam Bala, a Bukuru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da su Baba. Ka tambaye ni yadda mutanen nan suka yi aikin kuza tun kafin zuwan famfo da lantarki. To, amsar tana nan shimfiɗe a kan tudun Dartmoor da ke yankin Devon, wani fili mai sanyi a kudu maso yammacin Ingila, kusan ba itatuwa, sai ciyawa da duwatsu da tumaki. Duk inda ka duba za ka ga wasu siraran hanyoyin ruwa sun kewaye gefen tuddai, wasu sun bushe, wasu har yau suna gudu.

Kai ɗan Filato ne, ka san dalili. Kuza ta fi yashi da tsakuwa nauyi kusan ninki biyu da rabi, don haka ruwa mai gudu yana kwashe tarkace ya bar ta a ƙasa, kamar dai yadda ake wanke ta da ƙwarya a wajenku. Matsalar ita ce sau da yawa kuzar tana can saman gangare, kogi kuwa yana ƙasa. Maimakon a ɗebo ruwa a hau da shi, sai su bi kogin zuwa can sama, inda ya fi wurin aikin tudu, su jera duwatsu su tare wani sashe nasa, su karkatar da shi cikin ramin da suka haƙa.

A nan gwanintar take. Ramin ba ya miƙewa, yana bin cikin tudu ne yana sauka kaɗan-kaɗan, har idan ka tsaya daga nesa sai ka rantse ruwan hawa yake yi. In gangaren ya yi yawa, ruwa ya yi ƙarfi ya cinye gindin ramin. In ya yi kaɗan, laka ta kwanta, ciyawa ta tsiro, ruwa ya tsaya. Ƙasar da aka haƙo ana tara ta a gefen da ke kallon kwari, ita ce bango, kuma nan ne ɓarna ke fara zuwa. Shi ya sa a wurare masu rauni ake jingina mata falalen dutse, a liƙe da yumɓu inda ƙasa ke shan ruwa. Faɗin yawancinsu mutum zai iya tsallakewa. Inda aka ci karo da rafi ko kwazazzabo, sai a ƙetare da indararon katako bisa ginshiƙai.

Masu wankin kuza na dauri sukan ƙare hanyar a wani ɗan tafki mai bango lanƙwasasshe a jikin tudu, da ƙofa a tsakiya. A bari ya cika, a buɗe, ruwa ya sauko da ƙarfi kan ƙasar da aka sassaƙe. Daga baya ruwan ya koma juya manyan wili, su kuma su ɗaga taɓaren daka dutse, su hura zugazugin narka kuza, su ja famfon da ke zuƙe ruwa daga rami. Hanyar da ta ciyar da ma'adinan Birch Tor da Vitifer ta haura mil 7, tana ɗebo ruwa daga kogunan East Dart da North Teign. A ma'adinan Eylesbarrow, ruwan kogin Plym ne ya riƙe aikin har wajen 1852.

Ku rani ne ke tsayar muku da aiki, su kuwa har da hunturu. Ƙanƙara kan daskarar da ruwan, dusarta ta cike ramin, sai an fito da shebur an bi shi. Shanu da dawakin daji kuma suna tattake bango in sun zo shan ruwa. Ƙaramar kafa ɗaya ta isa, kafin gari ya waye bango ya ɓalle, wili ya tsaya. Dole a sami mai bin hanyar da ƙafa yana toshewa.

Abin da ya fi damuna shi ne inda lakar ta tafi. A wancan zamani masu kuza suna da kotunansu da ikon karkatar da ruwa, tarkacensu kuwa yana gangarawa ya cushe tashoshin jiragen ruwa. A 1512, ɗan majalisa Richard Strode ya nemi a taka musu birki, sai kotunsu ta sa aka kulle shi a Lydford. Kai da ke zaune kusa da tafkunan da kamfanoni suka bari, ba sai na yi maka bayani ba.

Don Allah ka tambayar mini tsofaffin ma'aikata ko akwai sauran irin waɗannan hanyoyi a wajen Barikin Ladi, da yadda suke auna gangarensu. Ka gaida mutanen gida.

Wassalam, naka,
Sani